Baba Ya Tafi Kwas a Gurbin Maigidana

Ƙarar sakata ce ta fara komai. Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, tana da 'yar kafa da ake zura hannu a zare sakata daga waje, kuma tana jan ƙasa, sai an ɗan ɗaga ta. Kowa jijjiga ta yake yi har maƙwabta su ji. Mutum ɗaya ne ya iya buɗe ta da ƙwas ɗaya. Ina tsintar wake a tsakar gida, wata Laraba bayan la'asar, na ji wannan ƙwas ɗin, gabana ya faɗi. Maigidana a Abuja yake aiki, sai bayan sati biyu yake zuwa Daura, shi ma ranar Juma'a. Ma'aikacin da ya zo gida Laraba, in ba rasuwa ba, to kora.

Ba ko ɗaya ba ne. Ya shigo da ambulan a hannu, bai ko ajiye jaka ba ya miƙo mini. Na karanta sau biyu, don Turancin nawa na sakandare ne, kuma ya kwana biyu a ajiye. Ma'aikatarsu ta zaɓe shi ya tafi kwas na wata uku a ƙasar waje. Jirgi, masauki, abinci, duk a wuyansu. Na ajiye faifan waken na shiga ɗaki na yi sujada, na fito na tarar kaji sun kama mini tsintar.

Ya kamata in faɗi aikinsa, domin har yau rabin danginmu ba su gane ba. Ba ya shiga kumbo, bai taɓa ganin tauraron ɗan'adam da idonsa ba. A gaban kwamfuta yake wuni yana duba hotunan ƙasa da tauraron yake aikowa daga sama, yana auna inda ya yi kore da inda ya bushe. Ya taɓa nuna mini gonar gidansu ta garin Babban Mutum a ciki, na gane ta da tsamiyar da ke kusurwar gabas, ta koma ɗigo kamar ƙwayar masoro. Kwas ɗin kuwa na koyon yadda ake haɗa waɗannan hotuna da tafiyar gajimare da danshin ƙasa ne, har a iya gaya wa manomi ko ruwan farko na zama ne ko na wucewa. Ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma wadda ta taɓa ganin yayan mijinta ya shuka gero sau uku a damina ɗaya, ta san amfanin a yi wa mutum nuni. Gurbi ɗaya aka ba sashensu. Shekara tara yana jira, kuma sai da suka zauna jarabawa ya zo na ɗaya.

Saura sati biyar tafiya. Muka shiga shiri. An ce ƙasar sanyi gare ta, ya je kasuwar Mai'aduwa ya zaɓo wata ƙatuwar kwat a wajen 'yan gwanjo, mai gashi a wuya. Ya gwada ta a tsakar gida da tsakar bazara, gumi na tsiyaya ta gemunsa, 'yan matanmu biyu suna dariya har da faɗuwa. Ni kuma na sa aka kawo nama na zauna haɗa dambu, na soya shi ƙarau don ya daɗe, saboda an ce can ba kowane yanka ake samu ba. Goggonsa ta aiko daga Baure cewa tunda zai matsa kusa da sama, ya riƙa duba mana watan azumi ya bugo waya, a huta da gardama. Ba wanda ya gyara mata. Murna muke yi.

Ranar Asabar muka yi 'yar sadaka. Ba taro ba ne, limamin unguwa ne da yayan maigidana da mutum biyu na masallaci, sai Baba.

Baba ba mahaifinsa ba ne. Abokin marigayi surukina ne, kuma mataimakin darakta mai kula da harkar ma'aikata a can wurin aikinsu. Iyalinsa suna nan Daura, shi ma zuwa yake yi ƙarshen mako. Shi ya ɗauki takardun maigidana ya kai lokacin da ake ɗiban ma'aikata, kuma bai taɓa barin a manta ba. A suna zai faɗa, a ɗaurin aure zai faɗa, har a zaman makoki na taɓa jin an ce ya faɗa. Aikinsa fayil ne: wa zai tafi hutu, wa ya makara, wa ya isa ƙarin girma. Abin da ya sani game da tauraron ɗan'adam bai wuce hoton da ke jikin kalandar ofis ba. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya.

Na kai musu abinci falo, na durƙusa na gaishe su, na koma bayan labule ina jiran a buƙaci ruwa. Liman ya yi addu'a mai daɗi, aka shafa. Aka fara ci. Sai Baba ya yi ajiyar zuciya irin wadda ake yi don a ji. Ya fara lissafa shekarun da ya yi yana sa hannu a takardun tafiyar yara, wannan ya je gabas, wancan ya je yamma, shi kuwa in ka cire Makka, Maraɗi ce iyakarsa. Ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta, wani na shuka wani na girbi. Yana magana yana zaɓen tsoka a cikin miya.

Na san maigidana. Ba ya iya jin babba yana kuka da wani abu yana riƙe da abin a hannunsa. Na ji ya gyara murya.

"Ai Baba, da kai ya dace ka je. Mu yara ne, muna da sauran lokaci."

Kowa ya san yadda wannan magana take tafiya. Kara ce. Ƙarami ya miƙa, babba ya mayar masa da abinsa, ya ƙara masa da albarka. Kamar mutum ya shigo kana ci ka ce masa bisimilla, ya ce alhamdu lillahi. Ko yaron goye a garin nan ya san amsar. Ni har na fara murmushi a bayan labule, ina jiran in ji an ce a'a ɗana, je ka, Allah ya tsare.

Baba ya gama tauna naman da ke bakinsa. Ya sha ruwa. Ya goge hannu.

"To," ya ce. "Tunda kai ka faɗa da bakinka. Allah ya yi maka albarka. Ubanka bai mutu ba."

Liman ya ce masha Allah, irin waɗannan 'ya'ya sun yi ƙaranci a wannan zamani. Mutanen masallaci suka amsa. Yayan maigidana, wanda gonarsa ce za ta fi kowa cin amfanin karatun, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, haka ne. Kafin a ɗauke kwanuka Baba ya ciro waya ya kira sakatarensa, ranar Asabar, ya ce a tanadi fayil ɗin kwas da safiyar Litinin, akwai gyara. Sannan ya juyo ya ce wa maigidana ya rubuta 'yar wasiƙa, layi uku kawai, cewa shi ya janye don ra'ayin kansa, saboda tsarin aiki. Mutumin da saƙon waya ma sai 'yarsa ta karanta masa, a nan kam bai manta da mataki ko ɗaya ba.

Da suka watse na tarar da maigidana zaune yana kallon ƙasusuwan da Baba ya jera a gefen tire. Na ce masa, Malam, ka bi shi yanzu, tun bai kai gida ba, ka ce masa tayi ne. Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya cire riga a kasuwa. Ya ce a gaban liman aka yi. Ya ce mutumin nan shi ya kai takardunsa. Ya ce ƙila Baba gwada shi yake yi, zuwa gobe zai kira. Na ce to. Gobe ta zo, wayar da ta shigo ta Baba ce, yana tambayar ko hoton fasfo nawa ake buƙata.

Ranar Litinin maigidana ya rubuta layi ukun. Takardar gayyatar ta ce dole wanda za a turo ya zama mai aiki da hotunan da hannunsa. Wannan bai zama matsala ba. Wanda ke riƙe da fayil ɗin kowa yana riƙe da nasa, kafin Alhamis Baba ya zama babban jami'in nazari a takarda. An yi wa maigidana alkawarin zagaye na gaba, da baki.

Na kwana uku ina jin haushinsa, sannan tausayi ya fi ƙarfi. Ya daina cin abinci sosai. Sai na ce abin da maza suka ɗaure, mata kan kwance. Zan je wajen Hajiya matar Baba, in yi mata bayani mace da mace, ta lallaɓa mijinta ya ce ya fasa saboda ciwon ƙafa ko hawan jini, kowa ya fita da mutuncinsa. Na yi nafila raka'a biyu. Na tsara maganata tun daga sallama har ƙarshe, na maimaita ta ina wanke-wanke, na maimaita a cikin a-daidaita.

Na tarar da falon Hajiya cike da 'yan taya murna. Tana ganina ta miƙe ta rungume ni, ta juya ga matan ta ce ga matar yaron nan mai albarka da nake ba ku labari. Aka zaunar da ni a kujerar da ta fi kowace laushi. Aka kawo lemo. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce Allah ya ba 'ya'yana masu yi mini haka. Na ce amin. Me zan ce? Maganar da na haddace tana nan a maƙogwarona, ina jiran mutane su ragu, su kuwa ƙaruwa suke yi.

Can Hajiya ta fara kukan shiri. Ta ce lokaci ya ƙure, an ce garin ƙanƙara ke zuba, Alhaji kuma ba shi da rigar sanyi sai wata suwaita ta tun zamanin da, kuma ba ta san me zai riƙa ci ba. Ta yi ajiyar zuciya. Wallahi irin ta mijinta sak, kamar tare suka koya.

Na ji bakina yana cewa, "Ai Hajiya akwai kwat da muka saya, da ɗan dambu da na yi. In ba za a raina ba."

"Raini kuma, 'yar nan? Direba ya mayar da ke, sai ya karɓo."

A motarsu na dawo gida. Ni na naɗe kwat ɗin da hannuna na sa a leda, ni na ɗauko bokitin dambun. Direba ya ce an gode. Na rufe ƙofa na zauna a kan turmi, na yi dariya har hawaye ya zo, daga nan kuma ya zama kuka na sosai. Tun ranar ban ƙara ce wa maigidana don me ba. Daga baya na ji sai da aka kai kwat ɗin wajen tela ya tsaga bayanta ya ƙara ƙyalle, don ba ta rufe tumbin Baba ba.

Baba ya tafi. Hoton farko da ya zagaya wayoyin dangi, yana tsaye a gaban wani ƙaton faifan ƙarfe mai kallon sama, cikin kwat ɗinmu, ya ɗaga babban yatsa. Na biyu a kanti. Na uku ma a kanti.

A sati na biyu kira ya fara. Ashe can ba a san girma ba, aiki ake bayarwa kowane mako, kuma sai ka tashi a gaban aji ka yi bayani. Baba ya riƙa ɗaukar hoton allo yana turo wa maigidana. Rabin hotunan yatsansa ne, wasu a karkace, wasu ƙeyar wanda ke gabansa ce ta cika su. Ya ce malaman suna sauri, Turancinsu kuma ta hanci yake fita. Ya ce ɗana, duba mini wannan, gobe ake so.

Na so maigidana ya ƙi. Bai ƙi ba, kuma ba don tsoro ba ne. Duk ƙarshen makon da ya zo gida, bayan azahar zai shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ya buɗe kwamfuta, ya riƙa buɗa hotunan nan da yatsu biyu yana ƙoƙarin karanta abin da ke bayan yatsan Baba. Ya sayi sabon littafi yana kwafe duk abin da ya iya ganowa. Inda layi ya yanke, sai ya zauna ya yi ta lissafi har ya cike da kansa. Wani lokaci zai kira ni, ya ce zo ki ga yadda suke yi, ashe haka ne. Fuskarsa ta yi haske kamar shi ne a ajin. Sai kuma ya kai inda hoto ya ƙare, ya roƙi Baba ya ɗauko masa shafi na gaba, Baba ya ce ai ranar bai shiga ba, ƙafa ta matsa masa. Ƙafar ba ta hana shi kanti ba.

Haka maigidana ya yi kwas ɗin ta kafar ƙofa. Shi ya yi ayyukan mako, shi ya rubuta na ƙarshe, ya kuma rubuta wa Baba abin da zai faɗa da manyan baƙaƙe. Aikin ƙarshen a kan gonakin Baure da Babban Mutum ya yi shi. An ce malaman sun yaba, sun ce ba su zaci dattijon yana da zurfi haka ba.

A wannan daminar ruwan farko ya sauka da ƙarfi, mutane suka fita shuka, sannan sama ta ɗauke kusan sati uku. Yayan maigidana ya zo neman iri. Ban ce kwas zai hana wannan ba, Allah ne masani. Na dai auna masa gero daga na tuwonmu, ya karɓa bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Baba ya dawo da akwatuna biyar da takardar shaida mai zanen zinariya, da sunansa a tsakiya. Aka yi masa liyafa a ofis. Maigidana ya ce a jawabinsa Baba ya ja hankalin matasa su riƙa haƙuri, su daina gaggawa. Aka nemi ya koyar da 'yan sashen abin da ya koyo, kamar yadda doka ta ce, ya ce zai tsara lokaci. Yana cikin tsarawa ritaya ta same shi.

Shekara ta zagayo, aka sake buɗe gurbi. Maigidana ya cike takarda tun ranar farko. Na yi azumin Litinin da Alhamis na wata guda a kan abin. Amsar ta zo a takarda ita ma. Kwamiti ya duba fayil ɗinsa ya ga wasiƙar layi uku, da sa hannunsa, cewa ya janye don ra'ayin kansa. Tsarin masu ba da horon shi ne, wanda aka ba gurbi ya mayar, ba a sake sa sunansa. Wanda ya yi alkawari da baki kuma yana gida yana kiwon raguna. Aka tura wani yaro da maigidana ya koya wa aiki. Yaron kirki ne, ya zo har gida ya yi mana sallama. Da ya ce, Yallaɓai ai kai ya kamata, maigidana ya tare shi tun bai rufe baki ba, ya ce kada ya kuskura ya ƙarasa, ya tashi ya tafi Allah ya tsare.

Bayan haka da kamar sati biyu, wata Asabar da hantsi, sai ga Baba. Ya ce yana gyaran ɗaki ya ga tsarabar yara da ya manta bai kawo ba tun dawowarsa. Shekara guda. Ya zo da jikarsa, 'yar kimanin shekara huɗu. Maigidana ya tare shi da hannu biyu, ya ba shi kujerarsa. Na kawo fura. Ba wanda ya ta da maganar kwamiti. Baba ya sha, ya yaba damun, ya ba mu labarin jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin gari da yadda ƙofofin can suke buɗe kansu.

Tsarabar ɗan kumbo ne na roba, fari, tsawon tafin hannu, irin wanda ake raba wa mahalarta kyauta, da tambarin makarantar a jikinsa. Guda ɗaya. Babbar 'yata tana Islamiyya, sai ya miƙa wa ƙaramar, mai shekara shida. Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa ta yi godiya kamar yadda na koya mata. Ta koma gefe tana ɗaga shi sama tana juyawa.

Jikar Baba ta gani. Ta miƙa hannu, ta fara ƙananan kuka, sannan ta buɗe murya. Baba ya ce kai, yaran zamani, ya yi dariya, bai hana ta ba. Ya dube ni. Maigidana ya dubi ƙasa.

Ban yi tunani ba, bakina ne ya sake yin aikinsa. Na ja 'yata zuwa bakin labule na rage murya na ce, haba uwata, ba ta mana, ba kya ganin baƙuwa ce, kuma ƙanwarki ce?

Ta mayar da kumbon bayanta ta riƙe da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rage murya ba.

"Umma, ai Abba ya bar wa kakanta jirgin gaske. Wannan nawa ne, ni ba zan bari ba."